Mai da Malam: Addini da Rikicin Mulki a Daular Barno

Daular Kanem da Barno tana cikin daulolin Musulunci mafiya daɗewa a Afirka. Gidan Saifawa ya riƙe sarautarta tun daga ƙarni na 11 har zuwa 1846, sannan gidan Shehu Laminu ya karɓa, kuma zuriyarsa ce ke zaune a fadar Yerwa, cikin Maiduguri, har yau. A tsawon wannan zamani, da wuya a sami babbar rigimar sarauta da ba a kira malamai su faɗi matsayin shari'a a kanta ba. Sarki, wanda Barebari ke kira Mai, yana da dawaki da bayi da haraji, amma ba ya iya halatta wa kansa mulki da bakinsa, sai malami ya shaida. Malami kuwa yana da ilimi da yardar jama'a, amma ba shi da rundunar da za ta zartar da hukuncinsa. Daga nan tambayoyi uku suka taso: me ke wajabta biyayya ga mai mulki, wane laifi ne ke sauke wannan biyayya, kuma wa ke da hurumin yanke hukuncin?

Shigar Musulunci fada

Asalin daular yana Kanem, arewa maso gabas da Tafkin Chadi, inda birnin Njimi ya zama mazaunin sarauta. Fatake da malamai masu bin hanyar Fezzan da Kawar ne suka kawo Musulunci yankin, kuma tarihin fada ya ɗauki Mai Umme Jilmi, wanda ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 11, a matsayin sarkin da addinin ya kafu a hannunsa. Sunan wani malami, Muhammadu ɗan Mani, yana tafe da nasa. An ruwaito cewa shi ne ya karantar da sarakuna da dama a jere, kuma Umme ya saka masa da takardar da ake kira mahram.

Mahram takarda ce da Mai ke bai wa malami da zuriyarsa, wadda ke haramta wa hakimai da barorin sarki taɓa jininsu ko dukiyarsu, ta kuma ɗauke musu haraji da fita yaƙi. Abin da ake nema a wurinsu shi ne karantarwa da yi wa sarki da ƙasa addu'a. Sarakunan baya sun yi ta sabunta irin waɗannan takardu, har aka sami garuruwa na malamai zalla, inda tsangayu suka bunƙasa, Barno ta yi suna wajen haddar Alƙur'ani da rubuta shi da ka.

Wannan tsari yana da fuska biyu. Ta ɗaya, sarki ya amince a rubuce cewa akwai iyakar da ikonsa bai tsallakewa, kuma ilimi ne ya shata ta. Ta biyu, wanda ya ba da kariya yana iya janye ta, malamin da ke cin moriyarta kuma ya san haka. Bakin da ya ci shi ke godiya, kuma godiya takan yi wa gaskiya nauyi. Tun daga farko ke nan kusancin malami da fada ya zama alheri da jarrabawa a lokaci guda.

Dunama Dibalemi da buɗe Mune

A rabin farko na ƙarni na 13 Mai Dunama Dibalemi ya kai Kanem ƙololuwar ƙarfinta, ikonsa ya taɓo Fezzan. A wannan ƙarni ne aka kafa makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira don ɗaliban Kanem masu karatun fiƙihun Malikiyya, kuma Ibn Khaldun ya ambaci kyautar raƙumin dawa da ta isa Tunis daga sarkin Kanem a 1257. Amma abin da aka fi tuna Dunama da shi shi ne buɗe Mune.

Mune wani abu ne naɗaɗɗe, rufaffe, da gidan sarauta ya gada tun kaka da kakanni. Jama'a sun yi imani cewa nasarar daula tana tattare da shi muddin ba a buɗe shi ba. Dunama ya buɗe shi duk da gargaɗin da aka yi masa. Masana tarihi da yawa na ganin ya yi haka ne don kawar da ragowar tsafi daga fadar Musulmi. Sai dai Imam Ahmad ɗan Fartuwa, babban limamin Barno a ƙarni na 16, bai yaba wa aikin ba. A wurinsa Mune ya yi kama da akwatin nan mai natsuwa da aka bai wa Bani Isra'ila, kuma ya danganta yaƙe-yaƙe da rarrabuwar kai da suka biyo baya da buɗe shi.

Matsayin limamin yana nuna cewa rigimar ba ta tsaya tsakanin masu addini da marasa addini ba. Malami ne masanin shari'a yake zargin sarki da gaggawar rushe abin da ya haɗa kan ƙabilu. Tambayar da ke ƙarƙashin labarin ita ce: idan gyara zai jawo ɓarnar da ta fi abin da ake son gyarawa, shin ya halatta? Fiƙihu ya san wannan ma'auni, inda ake gabatar da tunkuɗe ɓarna a kan jawo amfani, kuma zai sake dawowa a tarihin Barno ba sau ɗaya ba.

Ƙaura zuwa Barno

Ƙarni na 14 ya zo wa Saifawa da wahala. 'Ya'yan sarauta sun rabu gida biyu suna kashe juna, mutanen So sun kashe sarakuna huɗu a jere, Bulala kuma suka matsa daga gabas har suka kashe Mai Dawuda. A wajen 1380 zuwa 1390 Mai Umaru ɗan Idris ya bar Njimi ya ƙetaro yammacin tafki, kuma kundin sarakunan ya nuna sai da ya shawarci malamai kafin ya tashi. Barin ƙasar kakanni abin kunya ne ga sarki, amma shawarar malamai ta mayar da gudun ya zama hijira.

Ba da jimawa ba, a wajen 1391, Mai Usmanu ɗan Idris ya aika wa Sultan Barƙuƙ na Masar wasiƙa, wadda al-Ƙalƙashandi ya adana cikin littafinsa. Ƙarar da ya kai ita ce Larabawan Juzam suna kama mutanen Barno, 'ya'ya Musulmi, suna sayarwa a Masar da Sham. Sarkin da ba shi da ƙarfin ƙwato mutanensa da takobi ya dogara ga shari'a, wadda ta haramta bautar da Musulmi ɗa. A nan addini ya zama garkuwar mai rauni a gaban mai ƙarfi.

Zaman daular ya daidaita ne a rabin ƙarshe na ƙarni na 15, lokacin da Mai Ali Gaji ya kawo ƙarshen yaƙin basasa ya gina Birnin Ngazargamu kusa da kogin Yobe. Sarakunan Barno suka riƙa amfani da laƙabin halifa, malamai irin su Masbarma Umaru ɗan Usmanu suka zama ginshiƙan fada. Ɗan Ali Gaji, Mai Idris Katagarmabe, ya koma ya ci Bulala ya shiga Njimi a farkon ƙarni na 16.

Idris Alooma da limaminsa

Mai Idris Alooma, wanda ya yi mulki a kashi na ƙarshe na ƙarni na 16, shi ne sarkin da aka fi sanin labarinsa, saboda Imam Ahmad ɗan Fartuwa ya rubuta littattafai biyu a kan yaƙe-yaƙensa, a 1576 da 1578. Ya yi aikin hajji, ya samo bindigogi da Turkawa masu koyar da harbi, ya gina masallatai na tubali a maimakon na kara. Mafi muhimmanci, ya karɓe shari'a daga hannun hakimai ya danƙa wa alƙalai masu hukunci da littafi. Ya aika jakadu ga Sultan Murad na uku a Santambul, daga baya kuma ga Ahmad al-Mansur na Maroko, wanda ya nemi Barno ta yi masa mubaya'a a matsayin halifa kafin ya taimaka. Ruwayar gargajiya ta sanya kabarinsa a Alau, kusa da Maiduguri.

Zamanin Idris yana nuna iyakar abin da haɗin kan sarki da malami ke iya haifarwa. Talaka ya sami alƙalin da zai kai ƙara gabansa, wanda hukuncinsa ba son ran hakimi ba ne. Amma littattafan limamin sun kuma bayyana yadda aka sare itatuwa, aka lalata gonaki, aka kwashi bayi daga mutanen So da Ngizim da sauran ƙabilun da suka ƙi miƙa wuya, duk cikin harshen yabo. Malamin da ke cikin fada yana iya shiryar da sarki, amma alƙalaminsa yakan rasa kaifi a wurin da ya kamata ya tsawatar.

Malaman da suka nisanci fada

Saboda haka ne aka sami wani rukuni na malamai da suka zaɓi zama nesa da birni. Mafi shahara cikin wurarensu shi ne Kulumbardo, a arewacin Barno. Muhammadu Bello na Sakkwato ya kawo a cikin Infaƙul Maisuri cewa a zamanin wani Mai Umaru ɗan Idris na daban, a farkon ƙarni na 17, malamai biyu, Shehu Waldede da Shehu al-Jarmi, sun tara jama'a a can suna wa'azi, har fada ta tsargu. Aka kashe al-Jarmi, Waldede ya tsere Bagarmi. A ƙarni na 18 kuma wani malamin Ngazargamu da ake kira Hajrami ya yi waƙar fiƙihu mai suna Shurbuz Zulal, wadda ta yi bayanin halal da haram a dukiya, ta soki cin hanci da haraji na zalunci. Malaman jihadin Sakkwato sun san ta sun kuma kafa hujja da ita.

Nan ne aka ga rabuwar da Hausawa ma suka sani, tsakanin malaman fada da malaman da ke gudun ƙofar sarki. Na farko suna cewa idan nagari suka guje wa fada, miyagu za su cika ta. Na biyu suna cewa wanda ya saba da tuwon sarki ba zai iya ce masa ya yi kuskure ba. Kowane ɓangare yana da hujja daga magabata, kuma daular ta rayu ne da duka biyun: na ciki suna tafiyar da shari'a, na waje suna tunatar da su cewa akwai hisabi.

Kwatanci da Turai

A daidai zamanin Umme Jilmi, irin wannan takaddama ta kai ga yaƙi a Turai. Fafaroma Gregory na bakwai ya hana sarakuna naɗa bishop-bishop, Sarki Henry na huɗu na Jamus ya ƙi. A 1076 Fafaroma ya kore shi daga coci ya kuma sauke wa talakawansa wajibcin yi masa biyayya. A watan Janairun 1077 Henry ya je Kanosa, a Italiya, ya yi kwana uku a ƙofar ganuwa cikin sanyi yana neman afuwa. Sulhun bai ɗore ba: Henry ya shiga Rum da runduna a 1084, Gregory ya rasu a gudun hijira a Salerno a 1085, kuma ba a daidaita ba sai da yarjejeniyar Worms ta 1122. A Ingila, jarumawan Sarki Henry na biyu sun kashe Thomas Becket, babban bishop na Kantabari, cikin cocinsa a 1170, a kan rigimar ikon kotunan coci.

Bambancin yana cikin tsari. Cocin Turai hukuma ce mai shugaba ɗaya, da filaye, da kotuna, da ikon korar mutum daga addini, don haka karonta da sarauta karon hukuma biyu ne. Musulunci bai kafa irin wannan hukuma ba. A Barno babu malamin da muƙaminsa kaɗai ya ba shi ikon tuɓe sarki. Makamansa su ne fatawa da wa'azi da addu'a da hijira. Wannan ya hana addini zama mallakar ofis guda, amma ya bar ƙofa a buɗe: duk malamin da ya tara mabiya yana iya da'awar cewa hukuncin nasa ne. Abin da ya hana wannan ƙofa zama fitina shi ne tsaurin sharuɗɗan da malamai suka gindaya kafin a kafirta Musulmi ko a ɗauki makami a kan shugaba.

Shehu Laminu da Muhammadu Bello

An gwada waɗannan sharuɗɗa gwaji mai tsanani bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804. Fulanin da ke yammacin Barno sun tashi, kuma a 1808 Goni Mukhtar ya ci Ngazargamu. Mai Ahmad ya gudu, ya sauka ya naɗa ɗansa Dunama. Saifawa suka nemi taimakon wani malami da ke zaune a Ngala, Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda aka fi sani da Shehu Laminu. An haife shi a Fezzan, mahaifinsa mutumin Kanembu ne, ya yi karatu ya kuma zauna a ƙasashen gabas. Da almajiransa na Kanembu da Larabawan Shuwa ya taimaka aka ƙwato birnin.

Bai tsaya ga yaƙi ba, ya rubuta wa shugabannin Sakkwato yana tambayar dalilin da ya halatta musu yaƙar Barno. Hujjarsa ita ce mutanen Barno suna salla, suna azumi, suna ba da zakka, suna gina masallatai. Ya amince akwai cin hanci a wurin alƙalai, da cin dukiyar marayu, da fitar mata ba lulluɓi, da yanke-yanke a wasu wurare na al'ada. Amma ya ce waɗannan saɓo ne da jahilci, maganinsu karantarwa da hani, kuma ana samun irinsu a Masar da Sham ba tare da malaman can sun kafirta ƙasashensu ba. Idan saɓo kafirci ne, in ji hujjarsa, to babu ƙasar Musulunci da za ta rage a duniya.

Muhammadu Bello ya amsa, ya kuma adana wasiƙun ɓangarorin biyu cikin Infaƙul Maisuri. Bai musa cewa saɓo ba ya kafirtawa ba. Ya kafa hujja da abubuwa biyu: cewa yanka ga duwatsu da itatuwa da ruwa shirka ne ba saɓo kawai ba, da kuma cewa Mai ya taimaki sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu Usmanu, wanda a ganinsa jiɓintar kafirai ne a kan Musulmi. Ke nan malaman biyu sun haɗu a kan asali, sun saɓa a kan yadda za a ɗora shi bisa abin da ya faru. Dukansu 'yan Malikiyya ne, littattafansu ɗaya, kuma kowannensu ya ga wajibi ne ya kare matsayinsa da dalili a gaban ɗan'uwansa. Ba wanda ya sallama. Shehu Laminu ya kai yaƙi har cikin ƙasar Kano a 1826 zuwa 1827, Yakubun Bauchi ya tare shi, daga baya aka zauna a kan iyaka, kowace daula ta bar ɗaya.

Malami a kan karaga

Wanda ya ceci Saifawa shi ne ya gaje su. Shehu Laminu ya gina Kukawa a 1814, iko ya koma hannunsa, Mai ya rage da kakaki da fadawa. Mai Dunama ya ƙulla da Bagarmi don ya rabu da shi, ya mutu a yaƙin da ya biyo baya, aka naɗa ƙanensa Ibrahim. Shehu Laminu bai taɓa karɓar laƙabin Mai ba har ya rasu a 1837, ya tsaya a kan sunan malanta. A 1846 Mai Ibrahim ya gayyato rundunar Wadai, Shehu Umaru ɗan Laminu ya sa aka kashe shi, Ali ɗan Ibrahim ya faɗi a fagen fama, sarautar Saifawa ta ƙare.

Daga nan sunan Shehu ya zama sunan sarauta, da fadawa da bayi da rigimar gado irin ta kowace fada. Abdurrahman ya ƙwace mulki daga ɗan'uwansa Umaru a 1853, Umaru ya dawo a 1854. A 1893 Rabe, wanda ya fito daga Sudan yana ɗauke da tutar Mahadiyya, ya rushe Kukawa ya zauna a Dikwa, har Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900. Turawan Ingila suka zaunar da Shehu Abubakar Garbai, wanda ya koma Yerwa a 1907. Darasin wannan zango a bayyane yake: idan malami ya hau karaga, tambayoyin da yake yi wa sarki sukan juyo kansa, kuma ana buƙatar wani malamin da zai tsaya a waje ya yi masa su.

Matsayin tambayar a yau

Sauye-sauyen da aka yi bayan mulkin mallaka, har zuwa gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sun raba Shehu da kotu da 'yan doka da haraji, suka bar masa martaba da jagorancin al'amuran addini. Amma tambayar halaccin mulki ba ta bar Maiduguri ba. Rikicin da ya ɓarke a birnin a watan Yulin 2009 ya tsaya ne a kan da'awar cewa hukuma kafira ce, duk mai yi mata aiki ma haka, har da limamai da sarakuna. A 2012 ɗan ƙunar baƙin wake ya kai wa Shehun Barno hari bayan sallar Juma'a, Allah ya kuɓutar da shi, kuma talakawa Musulmi ne suka fi kowa hasarar rai da muhalli a shekarun da suka biyo baya.

Tarihin ƙasar ya tanadi amsa mai sassa uku. Mai mulki ba ya sama da shari'a, kuma sarakunan Barno da kansu sun sa hannu a kan haka tun daga mahram na farko har zuwa alƙalan Idris Alooma. Malami yana da haƙƙi, yana kuma da wajibi, na faɗa wa mai mulki gaskiya, wanda ba ya samuwa sai ya tsare kansa daga kwaɗayin abin hannun sarki. Sannan zalunci da saɓo, kome girmansu, ba su mayar da Musulmi kafiri, ba su halatta jininsa, kamar yadda aƙidar Ahlus Sunna ta tabbatar saɓanin Khawarijawa. Idan aka yar da kashi na farko sai a sami azzalumin sarki, idan aka yar da na biyu sai a sami malamin da ke halatta masa, idan kuwa aka yar da na uku sai gyara ya rikiɗe ya zama kisan waɗanda aka ce an zo ceta. Zaman lafiyar al'ummar Musulmi yana buƙatar a riƙe ukun tare.